Kafin Taimako Ya Iso Daga Dutse: Ƙungiyoyin Da Ke Tallafa Wa Ƙaramar Hukuma Ranar Annoba

 

Sanyi ya fara ja da baya, ƙura ba ta gama kwanciya ba, zafi kuma ya soma leƙowa. Duk ma'aikaciyar jinyar da ke aiki tsakanin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa ta san abin da wannan yanayi yake zuwa da shi. Lokacin sanƙarau ne. Daga Disamba har faɗuwar damina, busasshiyar iska tana tsattsaga cikin hanci da maƙogwaro, ana kwana da yawa a ɗaki ɗaya, sai ƙwayar cutar ta samu hanyar wucewa daga wannan zuwa wancan ta tari da atishawa.

Yau so nake mu duba abin da ke faruwa tun daga sa'ar da aka kawo yaro na farko asibiti har zuwa ranar da za ki ga masu rigakafi sun kafa tebur a ƙofar gidan mai unguwa. Nauyin yana kan ƙaramar hukuma, amma ba ta iya ɗaukarsa ita kaɗai. Akwai ƙungiyoyin da ke kama mata. Yana da kyau ki san su, ki san abin da kowace ke yi, domin aikinsu duka daga bakinki yake farawa.

Abin da ya same mu a 2023 da 2024

A ƙarshen 2022 sanƙarau ya ɓarke a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Ya fi tsanani a gundumar Dungas, ya kuma taɓa Magarya da Matamaye. Duk wadda ta san hanyar Kanya zuwa Babura zuwa Babban Mutum ta san babu nisa tsakaninmu da su. Auratayya muke yi, kasuwa ɗaya muke ci, duk ranar Alhamis Maigatari cika take yi da mutanen ƙasashen biyu.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, 124 suka rasu. A cikinsu, 1,252 a Jigawa aka same su, wato kusan uku cikin kowane huɗu.

Da shekara ta zagayo cutar ta dawo. Daga Oktoban 2023 zuwa 11 ga Maris 2024 an ƙirga mutum 1,742 a jihohi bakwai, har da tamu, aka rasa 153. A wannan karon ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, wadda ke kare mutum daga nau'i biyar na ƙwayar cutar a lokaci guda. An yi gangamin daga 25 zuwa 28 ga Maris 2024 a Jigawa, Bauchi da Yobe, aka nufi mutum sama da miliyan ɗaya, 'yan shekara 1 zuwa 29.

Ki yi lissafi: mutum miliyan ɗaya cikin kwana huɗu. Ana buƙatar mai yin allura, mai rubuta suna, mai shela, mai ɗaukar akwatin ƙanƙara, mai tsara layi, da mai shiga gida ta lallashi uwar da ta ƙi fito da 'ya'yanta. Babu ƙaramar hukumar da take da waɗannan hannaye duka a cikin ma'aikatanta.

Ƙaramar hukuma ce ƙofar farko

Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287. Tsarin mulkin 1999 ya sa hannun ƙaramar hukuma cikin kula da lafiyar jama'a. Ya kuma ɗora mata kwashe shara, kula da kasuwanni, mahauta, banɗakunan jama'a da maƙabartu, da rajistar haihuwa da mutuwa. Idan kika duba jerin nan da kyau, za ki ga wuraren da annoba ke farawa ne, da wurin da take ƙarewa.

A kowace ƙaramar hukuma akwai ofishin lafiya matakin farko, mai aiki tare da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. A cikinsa akwai wani ma'aikaci da mutane da yawa ba su san da zamansa ba: jami'in sa ido kan cututtuka, wanda a wurin aiki muke kira DSNO. Shi ke tattara rahoto daga asibitoci duk mako. Idan aka ga mai alamun sanƙarau, kwalara, ƙyanda ko mashaƙo, ba a jiran ƙarshen mako, nan take ake kiransa. Shi zai hau babur ya je ya gani da idonsa, ya tabbatar an ɗebi samfuri an aika ɗakin gwaji, ya sanar da Dutse, Dutse kuma ta sanar da hukumar NCDC a Abuja.

To, mutum ɗaya ne da mataimakinsa, garuruwa da ƙauyuka da rugage kuma ba sa ƙirguwa a rana ɗaya. Abin da bai zo asibiti ba, ba ya shiga littafinsa. Abin da bai shiga littafinsa ba kuwa, a wurin Dutse da Abuja bai faru ba.

Lissafin da ke kawo allura

Ga abin da nake so kowace uwa ta riƙe. Allurar rigakafin gaggawa ba a ajiye take a sito a Kazaure ko Babura ba. Akwai rumbu na duniya da aka tanada, wanda wani kwamiti mai suna ICG yake kula da shi. An kafa shi a 1997, bayan annobar sanƙarau ta 1996 wadda a Najeriya kaɗai ta kama mutum sama da 100,000, ta kashe sama da 11,000. Ƙungiyoyi huɗu ne ke zama a kwamitin: Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, ƙungiyar likitoci na gari na kowa MSF, da gamayyar ƙungiyoyin Red Cross ta duniya. Idan ƙasa ta miƙa buƙata, cikin kwana biyu suke yanke hukunci.

Amma sai an kai musu hujja, hujjar kuma lissafi ce. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, a yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, idan aka samu masu alamun sanƙarau 3 cikin mutum 100,000 a mako ɗaya, an shiga matakin gargaɗi. Idan suka kai 10, annoba ce. A wurin da mutanensa ba su kai 30,000 ba, mutum 2 a mako gargaɗi ne, mutum 5 annoba. Sannan sai gwaji ya nuna nau'in ƙwayar cutar, don a san irin allurar da za a aiko.

A wani asibiti da na taɓa aiki an kawo mana yarinya 'yar shekara shida, kwananta uku da zazzaɓi, wuya ya sanƙare. Muna cikin sa mata ruwa kakarta ta ce ai yara biyu aka binne a unguwarsu a makon nan da irin wannan ciwo. Ko ɗaya a cikinsu ba a kai asibiti ba. Yarinyar ta rayu, sai dai ta bar asibiti ba ta ji. Da an kawo yaran farko, da an yi musu magani, da kuma jami'in sa ido ya isa unguwar tun kafin ita ta kwanta.

Duk yaron da aka ɓoye a ɗaki ana yi masa turare, an hana shi magani, an kuma hana 'ya'yan maƙwabta allura.

Red Cross: aron hannu da ƙafa

Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Najeriya doka ce ta kafa ta a 1960, a matsayin mai taimaka wa hukuma a ayyukan jin ƙai. Tana da reshe a jihohi 36 da Abuja, ƙarfinta kuma 'yan sa-kai ne, samari da 'yan matan gari da aka horar, waɗanda suka san kowane lungu.

Na sha jin mata suna ɗari-ɗari da alamar da ke jikin rigarsu. Jan kuros ɗin tutar ƙasar Suwizalan ce aka juya launinta, domin a can aka kafa ƙungiyar a 1863. A Saudiyya, Masar da Turkiyya jan jinjirin wata suke amfani da shi, kuma duk gamayya ɗaya ce. Ƙa'idarsu ita ce ba sa tambayar addini, ƙabila ko jam'iyyar wanda za su taimaka.

Idan annoba ta ɓulla, abin da suke kawo wa ƙaramar hukuma shi ne yawan mutane. Suna bin gida-gida suna bayanin alamun cuta. Idan suka ga maras lafiya su tura shi asibiti, su kuma sanar da jami'in sa ido. Ta haka mutum ɗaya ya samu idanu da yawa. Suna bibiyar waɗanda suka yi hulɗa da maras lafiya. Ranar gangamin rigakafi su ke tara jama'a. Idan kwalara ce, suna koya wa mata sa maganin kulorin a ruwan sha da haɗa ruwan gishiri da sukari, suna kuma kafa rumfar ba da ruwan a cikin unguwa don kada mai gudawa ya bushe kafin ya isa asibiti.

Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da kwalara ta kama mutum sama da 111,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,600, Jigawa kuma ta zo ta biyu bayan Bauchi a yawan waɗanda suka kamu. Haka a 2023, da mashaƙo ya yi tsanani a Kano ya kuma bayyana a Jigawa, gamayyar Red Cross ta duniya ta buɗe asusun gaggawa don tallafa wa reshenta na Najeriya ya tura 'yan sa-kai gida-gida.

A gefensu akwai 'yan agajinmu na masallaci, na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanu, waɗanda muke gani ranar idi da wurin wa'azi. Mutane ne masu horo, masu bin umarni, jama'a kuma sun saba da su. Duk shugaban ƙaramar hukumar da ya san abin da yake yi zai zauna da su tun kafin rana ta ɓaci.

Sarakuna da ƙungiyoyin mata: aron amana

Kawo allura garin abu ɗaya ne, yarda a miƙa hannun yaro wani abu ne daban. Mutanenmu suna da dalilin yin tambaya. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kimanin 200 a Kano, maganar da ta kai ga kotu aka shafe shekaru ana shari'a. A 2003 kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargi, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan cutar ta gurgunta yara da yawa ta kuma tsallaka wasu ƙasashe.

Abin da ya juya lamarin shi ne shigowar waɗanda jama'a suka yarda da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya matakin farko, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Saƙo ya riƙa saukowa daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san gidan da aka haihu jiya da gidan da aka ƙi buɗe ƙofa.

Sai dai mai unguwa a zaure yake tsayawa. Cikin gida sai mace. A nan ne ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ta taka rawa, tare da dubban mata 'yan sa-kai masu wayar da kai da aka ɗauka daga cikin unguwanninsu. Su ne suka zauna a tabarma da iyaye mata, a wurin suna da biki da makarantar Islamiyya, suka amsa tambayoyin da ba a iya yi wa ma'aikacin da ya zo daga nesa. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ana ci gaba da ɗigon har yanzu domin akwai wani nau'in da yake kama yaran da ba su samu cikakken rigakafi ba, saboda haka kada ki mayar da masu ɗigo daga ƙofa.

Wannan hanya da aka gina don shan inna ita ce ake bi yau idan sanƙarau ko mashaƙo ya taso.

Direbobi: aron mota

Motar asibiti ɗaya ba ta isar ƙaramar hukuma. Shekaru da dama ke nan ƙungiyar direbobi ta NURTW take cikin wani shiri na jigilar gaggawa a Jigawa, Katsina, Yobe da Zamfara. Ana horar da direbobin tasha su ɗauki macen da naƙuda ta zo mata da matsala su kai ta asibiti ko da tsakar dare, ladan direban kuma shi ne a ba shi lodi ba tare da ya bi layi ba.

Don masu haihuwa aka tsara shi, amma darasin a fili yake. Unguwar da ta riga ta san direban da za ta kira da ƙarfe biyun dare ta fi wadda sai yaro yana jijjiga za a fara neman mota. Idan mai sanƙarau aka ɗauka, a buɗe gilasan mota iska ta riƙa shiga. Idan mai kwalara ne, a ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari a hanya, a kuma wanke motar da ruwan kulorin bayan an sauke shi.

ALGON: teburin shugabannin ƙananan hukumomi

Akwai ƙungiyar da ta haɗa ƙananan hukumomin su kansu, wato ALGON, wadda aka kafa a 1999. Ta ƙunshi ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, tana da reshe a kowace jiha, shugabannin kuma su ke zaɓar ɗaya daga cikinsu ya jagorance su. Amfaninta shi ne shugabanni 27 su zauna wuri ɗaya, su yi magana da gwamna da ma'aikatar lafiya da murya ɗaya, maimakon kowa ya je da ƙoƙon bararsa.

Dubi yadda yankinmu yake. Kazaure tana kan hanyar Kano zuwa Daura, Dambatta tana kudu da ita. Roni da Gwiwa suna jingine da ƙasar Katsina. Babura tana kan hanyar iyaka. Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi masarautar Kazaure ce, Babura kuwa masarautar Ringim. Yaro zai kamu a wannan ƙaramar hukuma, a kai shi gidan kakarsa a waccan, a kwantar da shi a asibitin wata jiha. Idan kowane ofishi ya riƙe lissafinsa a aljihu, mutum biyu a nan da uku a can ba za su taɓa haɗuwa su zama biyar ba. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, amma sai ka ji labarin wutar tukuna.

An ga abin da sa hannun shugaba yake yi a zamanin yaƙi da shan inna. Bayan alƙawarin da gwamnoni suka ɗauka a Abuja a 2009, aka riƙa duba ko shugaban ƙaramar hukuma yana jagorantar kwamitin rigakafi da kansa, yana kuma halartar taron bitar da ake yi duk yamma a kwanakin gangami. Idan mai sa hannu a kan kuɗi yana zaune a wurin, matsalar man babur da ƙanƙarar ajiye allura a daren ake warware ta.

An kuma ga abin da haɗin kai yake yi a Oktoban 2022, lokacin da Jigawa ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili. Sai da duka 27 ɗin suka cika sharaɗi kafin jihar ta samu wannan shaida. Da ɗaya ta zauna, da babu.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, amma ya ba mu damar yin tambaya, domin 'yan ALGON 'yan siyasa ne, da ƙuri'armu suka hau. Nawa aka ware wa annoba kafin ta zo? Jami'in sa ido yana da babur mai lafiya da kuɗin mai? Idan cuta ta ɓulla a Roni da safe, Gwiwa da Kazaure za su ji kafin la'asar? An zauna da Red Cross, 'yan agaji, direbobi da ƙungiyoyin mata tun kafin rani? Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki tura wa kansilanku waɗannan tambayoyi, ko ki ba maigida ya kai.

Naki aikin, uwargida

Na farko, ki san alamun da ba a kwana da su a gida.

Sanƙarau: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko jijjiga. A jariri wuya ba lallai ya sanƙare ba. Ki duba maɗiga ko ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya saki, ko yana kuka ba ƙaƙƙautawa. Cutar tana iya kisa cikin awa 24. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, ɗaya cikin shida na masu sanƙarau irin na bakteriya yana rasuwa, ɗaya cikin biyar yana tashi da naƙasa kamar kurumta. Akwai allurar da ke maganinsa idan an fara da wuri. Idan likita ya ce zai ɗebi ruwan ƙashin baya, ki yarda. Ɗan kaɗan ake ɗiba, jiki yana mayar da shi, kuma shi ne gwajin da ke nuna nau'in cutar, wanda da shi ake neman allurar gari duka.

Kwalara: gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, sau da yawa da amai. Ki fara ba da ruwan gishiri da sukari nan take, kuna kan hanyar asibiti. Ƙunshi ɗaya na ORS a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiyawata biyu. Idan babu, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Mai shan nono a ci gaba da ba shi.

Mashaƙo: ciwon maƙogwaro, zazzaɓi, kumburin wuya, da wani farin abu mai duhu-duhu da ke manne a maƙogwaro. Kada a kai wa wanzami ya cire beli, kada a sa yatsa a kankare. Asibiti za a nufa, a kuma raba shi da sauran yara.

Na biyu, ki faɗi abin da kika gani. Idan yara biyu ko uku suka kwanta da ciwo iri ɗaya a layinku, ko aka yi rasuwar farat ɗaya, ki sanar da ma'aikacin asibiti mafi kusa ko mai unguwa. Hukumar NCDC ma tana da layin kyauta, 6232. Wannan ba tonon asirin maƙwabta ba ne. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma ba a kama kowa don ɗansa ya kamu.

Na uku, ki ciro katin rigakafin yaranki yau ki duba. Allurar penta, mai kare yaro daga mashaƙo, sau uku ce: a mako 6, mako 10 da mako 14. Ta sanƙarau da ta ƙyanda a wata 9. Wadda aka tsallake a je a cike, kyauta ce. Ki sani kuma allurar sanƙarau ta wata 9 da aka saba yi nau'in A take karewa, wanda ya addabe mu a da, alhali ɓarkewar 2023 da 2024 nau'in C ne. Saboda haka idan aka zo gangami, ki fito da kowa da ke cikin shekarun da aka faɗa, har da wanda katinsa ya cika.

Na huɗu, ki kiyayi abin da kike turawa a WhatsApp. Saƙon murya ɗaya da ba a san mai shi ba yana iya rushe aikin da 'yan sa-kai suka yi mako guda suna yi. Idan kin ji abin da ya tayar miki da hankali game da allura, ki tambayi ma'aikaciyar lafiyar da kika sani kafin ki danna turawa.

Na biyar, ki shiga ciki. Kowace mazaɓa ana so ta kasance da kwamitin ci gaban mazaɓa mai sa ido a kan asibitinta, tsarin kuma ya tanadi gurbin mata. Ki tambayi su wa ke wakiltarku. Idan kina da lokaci da izinin maigida, Red Cross da FOMWAN suna karɓar 'yan sa-kai. Idan ba hali, ƙungiyarku ta adashi ko ajinku na Islamiyya ma ƙungiya ce. Ku gayyaci ma'aikaciyar lafiya ta yi muku bayani na rabin awa, ku ajiye lambar asibiti da ta direba ɗaya a wayar kowace, ku ware ɗan abin da za a sa mai idan dare ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma hannun da ya fi kusa da yaro naki ne.

Ina so in ji daga gare ku. Wace ƙungiya ce kuka ga tana aiki a garinku lokacin sanƙarau ko kwalara? Akwai mace a kwamitin asibitinku? Ku rubuto, wata za ta ƙaru da abin da kuka gani.

A mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu tattauna yadda ake kula da yaron da ya tashi daga sanƙarau, musamman gwajin ji da komawa makaranta. Allah ya tsare mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.